Maƙwabciyarki Kirista: Da Me Take Riƙe Zuciyarta Ranar Wuya?

 

Yau maganar maƙwabta za mu yi. A ƙasar Gumel mafi yawanmu Musulmi ne, amma akwai Kiristoci a cikinmu. Wataƙila malamar da ta yi miki awon ciki a Gumel Kirista ce, ko matar ɗan kwastan da ke haya a bayan gidanku a Maigatari, ko 'yar bautar ƙasar da aka turo makarantar yaranki a Gagarawa ko Sule Tankarkar. Ke kina cikin gida, abin da kika sani game da ita bai wuce abin da yara suka kwaso a waje ba: ran Lahadi ta ci ado ta tafi coci, an jiyo su suna waƙa. To sauran kwana shidan fa? In ɗanta ya kwanta ciwo, ko kwanon gero ya fi ƙarfin mijinta, ina take kai kukanta? Ba wa'azi muka zo yi ba, kowa na nan a kan addininsa. So muke ki san wadda katanga ɗaya ta raba ku.

Da farko ki cire wa ranki cewa duk Kirista baƙo ne daga kudu. Akwai Hausawa Kiristoci, kaka da kakanni. Wani likita Bature, Walter Miller, ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya a 1929 jama'arsa suka koma Wusasa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. Wata ƙungiyar mishan kuma, SIM, ta buɗe tasha a Roni ta ƙasar Kazaure, da Damagaram da Tsibiri a hayin Nijar, kuma daga aikinta ne cocin ECWA ya fito a 1954. Da yawa daga Maguzawan ƙasar Kano da Katsina ta nan suka shiga.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da dama cikin Kiristocin farko a ƙasar Hausa a gadon jinya suka karɓi addinin. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa SIM zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Mutumin da dangi suka ware wa ƙwarya da tabarma, ya je can ya tarar da mai wanke masa gyambo da hannu. Asibitin ido na Kano, wanda har gobe mutanenmu ke zuwa a cire musu yana, a 1943 aka buɗe shi. Kin ga ke nan tun asali bangaskiyarsu, wato abin da mu muke kira imani, a tsakiyar wahala ta tsiro.

To yaya yini yake a gidan mai riƙo da addini a cikinsu? Ba su da salloli biyar masu ƙayyadadden lokaci kamar namu. Abin da suke da shi shi ne addu'ar asuba ta iyali. Kafin a hura wuta, uwa ko uba ya tara yara, a yi waƙa ɗaya, a karanta 'yan ayoyi, sannan a yi roƙo. Roƙon nan da Hausa ake yinsa, kuma da suna: wane ba lafiya, wance za ta zauna jarrabawa, ruwa ya yi jinkiri a gona. Akwai wata addu'a da kowane yaro ke haddacewa, suna ce mata Addu'ar Ubangiji, a cikinta har da roƙon abincin yini guda. Ba na shekara ba, na yini. Ba a sa hannu a tuwo sai an yi godiya, da dare kuma a sake taruwa kafin a kwanta. In abu ya yi tsanani sai mace ta buɗe Zabura, mai sura 150, wadda ake jingina da yawa daga cikinta ga Annabi Dawuda, ko ta karanta labarin Annabi Ayuba da haƙurinsa. Sunayen nan ai ba baƙinki ba ne, ko da yake yadda suke ba da labaran ya sha bamban da namu a wurare da yawa.

Amma in kin tambaye ni, ginshiƙin da ya fi riƙe matansu shi ne Zumuntar Mata. Kusan kowace majami'a mai amfani da Hausa tana da ita, ko a birni ko a ƙauye. Matan aure da zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu ne ke haɗuwa aƙalla sau ɗaya a mako, ban da Lahadi, ƙarƙashin shugabarsu. Su ne kike ji suna waƙa da kiɗan tulu da caki. Waƙar ce ke fita waje, amma aikin ya fi waƙar yawa. A wurin ake faɗin wadda ta haihu, da wadda ke asibiti, da wadda aka kwana biyu ba a gani ba. Nan take a raba aiki: ku biyu ku kai abinci, ke ki kwana da ita, wance ta ɗauke mata wanki. Kowace na jefa ɗan abin da ta samu a asusu, in babu kuɗi ta kawo tiyar hatsi, ko sabulu, ko itace. Matar da ta ɓuya da damuwarta ba a barinta ta ɓuya, sai an bi ta har ɗaki an ji dalili.

A Zumunta ne kuma mata da yawa na ƙauye suka koyi karatun boko, don kawai su iya buɗe littafinsu da kansu ba sai sun jira miji ba. Wannan yakan tuna mini da Islamiyyar matan aure da ta yaɗu a garuruwanmu, inda tsohuwa mai jikoki ke zama da allo ba ta jin kunya. Ba na ce komai nasu daidai ne ba. Su ma suna kuka da yawan anko, kowane taro da zanensa, har mai ƙaramin ƙarfi ta riƙa jin nauyin zuwa. Wannan ciwon kuwa mun san shi a bikinmu.

Wajen dukiya, suna fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu, su kai majami'a. Manomi ya sami dami goma na gero, ɗaya ba nasa ba ne. Bayan girbi akwai ranar godiyar kaka, a kawo gero da wake da riɗi da kaji gaban jama'a. Shekarar da damina ta yi gardama, irin 1984, ko 2004 da ta jawo yunwar da ta addabi Maraɗi da Damagaram a 2005, a nan ake gane mai riƙo, domin fitar da ɗaya cikin goma daga rumbun da bai cika ba sai mai ƙarfin zuciya. Azumi ma suna yi. Katolika da Angilika na da na kwana 40 kafin Ista, wasu kuma mace kan ɗauki yini ɗaya ko uku don wata buƙata ta kanta. Saboda haka in kin aika mata da abinci ta ce tana azumi, kada ki ɗauka ƙyama ce.

Akwai wata wahalar da ke ba ki cika ji a jikinki ba, wato tsoro. A watan Satumba na 2006 an ƙone coci-coci a Dutse, a Janairun 2015 kuma aka yi haka a Damagaram da Yamai. Duk wadda ta san wannan, da ta ji jita-jita ta tashi a kasuwa sai gabanta ya faɗi, ta fara ƙirga 'ya'yanta. A irin ranar nan, yaron da kika aika ya ce mata "Mama ta ce ki kwantar da hankalinki, muna nan" ya fi mata buhun shinkafa. Ki kuma lura da abin da yaranki ke kiran 'ya'yanta a hanyar makaranta, don a bakin manya suke ɗauka.

Sai mutuwa, inda aka fi samun rashin fahimta. Za ki ji an yi rasuwa a gidansu amma ana waƙa, ki ce wane irin rashin tausayi ne wannan. Ba murna suke yi ba. Waƙoƙin ta'aziyya ne, suna tuna wa juna tashin matattu, mai waƙar ma sau da yawa hawaye take yi. Wasu kan ajiye gawa kwanaki a asibiti har dangi na nesa su iso, musamman mutanen kudu. Matar mamaci kuma addininta bai yanka mata wata huɗu da kwana goma na takaba ba, al'adar ƙabilarsu ce ke faɗin tsawon zaman makokinta. Matan Zumunta za su yi ta kwana da ita, su yi girki, su karɓi baƙi. Amma bayan mako biyu ko uku kowa ya koma harkarsa, gida ya yi shiru, danginta kuma suna can nesa, wata a Kafanchan, wata a Inugu.

Lokacin nan ne ya fi dacewa da ke. In maigida ya yarda, ki shiga bayan magariba ki ce mata sannu, ya haƙuri, Allah Ya raya abin da aka bari. Ta san wannan gaisuwar, ita ma da sunan Allah take amsawa. In fita ba ta samu ba, ki zuba kunu ko fura a kwano mai murfi ki ba yarinya ta miƙa, ki ce ta tsaya ta ji ko akwai abin da take buƙata daga kasuwar Alhamis.