Shin Ko Kun San? Zana Allon Lantarki Ba Sai Mai Dala Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran rediyo ko inbata a France Road ta Sabon Gari, ya ga koren allon nan mai siraran layukan jan ƙarfe da masu gyara ke kira fanel. Matasanmu na Fagge sun ƙware a gyaransa, amma kaɗan ne suka san za su iya zana nasu. Shin ko kun san cewa:

• Wani injiniya ɗan Ostiriya, Paul Eisler, shi ya fara haɗa rediyo da irin wannan allo a Ingila, a shekarar 1936?

• Manhajar KiCad kyauta ce, ko sisi ba a biya? Jean-Pierre Charras ne ya fara ta a Grenoble ta Faransa a 1992, kuma tun 2013 cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Da zarar ka sauke ta, ba ruwanka da data. Tana ɗaukar shimfiɗar jan ƙarfe har 32, alhali cajar batir ko na'urar kunna fitila, shimfiɗa ɗaya ko biyu ta ishe su.

• EasyEDA kuwa a intanet ake buɗe ta, ita ma kyauta, kuma haɗe take da kamfanin JLCPCB na ƙasar Sin mai buga allo? Tana da sauƙin koyo, sai dai mai aiki da ita ta intanet dole ya sa kuɗin data a lissafi.

• Fritzing, wadda aka ƙirƙira a Potsdam ta Jamus a 2007, tana nuna kayan haɗi da kamanninsu na zahiri? Ta dace da yaron da ya fara wasa da allon Arduino.

• EAGLE, da aka daɗe ana ji da ita tun 1988, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2016, ya kuma sanar da daina ta daga Yunin 2026? Sabon shiga kada ya ɓata lokacinsa a kanta.

• Proteus da ɗalibai ke so saboda tana gwada zane kafin a haɗa, ta kuɗi ce? Kwafin sata da ake turawa ta filasha haƙƙin wasu ne, kuma sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta yake zuwa.

• Masana'anta ba ta tambayar da wace manhaja ka yi zane? Fayil ɗin zanen mai suna Gerber kawai take so. Na mai kyauta da na mai dala duk ɗaya ne a wurinta.

• Za ka iya fitar da allonka a gida? Ka buga zanen da firinta mai garin tawada a takarda mai sheƙi, ka kifa ta a kan allon jan ƙarfe, ka danne da dutsen guga har tawadar ta kama. Ka jiƙa takardar ta saɓule, sannan ka tsoma allon a ruwan ferik kulorayid. Zai cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, layukanka su fito tsaf. A sa safar hannu, kuma kada a zubar da ruwan a kwata.

Shawarata ga mai tsohuwar kwamfuta da ƙarancin data: ya fara da KiCad. Kuɗin da ya rage ya nufi Kasuwar Sabon Gari da su, ya sayo dalma, mita da kayan haɗi.