FUREN DA KE WARIN MUSHE

A shekarar 1926 sai da aka kirawo 'yan sanda zuwa lambun gwamnati na Kew, a birnin London, domin su tsare taron jama'a. Abin da ya tara mutanen nan kuwa fure ne guda ɗaya tak, mai wari kamar mushen jaki.

Asalin wannan tsiro daga kurmin tsibirin Sumatra ne, cikin ƙasar Indonesiya. Mutanen can suna ce masa bunga bangkai, watau furen gawa. Wani masanin itatuwa mutumin Italiya, Odoardo Beccari, shi ya kai labarinsa Turai a 1878, ya kuwa fara yin fure a lambun Kew a 1889.

Dangin gwaza ne, kuma kamar gwaza, yana tara abincinsa a gindi cikin ƙasa. A 2010 an auna gindin wani a lambun Edinburgh, aka tarar ya zarce kilo 150. Yakan shekara bakwai, wani har goma, ba ya fid da kome sai ganye ɗaya mai girman ƙaramar bishiya, in ya mutu wani ya fito. Sa'an nan fure ya ɓullo, tsawonsa yakan kai ƙafa goma. Da ya buɗe, kwana ɗaya ko biyu sai ya yanƙwane.

To, me ya kawo warin? Daren da furen ya buɗe yakan yi ɗumi kamar jikin mutum, ɗumin nan ya tura warin nesa. Ƙudaje da ƙwari masu neman mushe sai su taho, su kwashi garin furen a jikinsu, su kai wa wani fure, ta haka ake samun 'ya'ya. Ashe abin da ke sa mu toshe hanci shi ne hanyar haihuwarsa.

Amma ga abin baƙin ciki. A 2018 aka sa shi cikin jerin tsire-tsiren da ake tsoron ƙarewarsu, aka kimanta waɗanda suka rage a daji ba su kai 1,000 ba, saboda sare kurmi don katako da gonakin kwakwar manja.

Muna roƙon malaman makaranta su karanta wa yara labarin nan. Kafin yaro ya sa gatari ga tsiron da ya raina, ya fara tambaya ko me aka halicce shi ya yi.