Ƙara Ma'ajiya ga Kwamfutar Sinclair ZX81

A wannan maƙala za mu yi bayanin yadda ake ƙara wa kwamfutar ZX81 ma'ajiya, watau wurin da take riƙe aikin da aka ba ta muddin akwai wuta a jikinta. Kamfanin Sinclair na Ingila ne ya fito da ita a 1981, da ma'ajiya mai bayit 1,024 kacal. Da yake rubutun da take nunawa a telebijin a nan yake cin rabonsa, kuma cikakken shafi yana cinye bayit 793, abin da ke ragewa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa kamfanin ya yi wani ɗan akwati mai bayit 16,384 wanda ake maƙala mata a baya.

Maƙalawar ba wuya. Da farko a zare wayar wuta, domin kuwa na'urar ba ta da makunni, kuma haɗawa da wuta na iya ƙona kayan cikinta. Sa'an nan a goge haƙoran ƙarfen da suka leƙo ta baya da sifirit, saboda dattin shekara arba'in. Akwai tsaga a tsakanin haƙoran. A daidaita ta da 'yar fegin da ke bakin akwatin, a tura a hankali.

A ganinmu, inda gizo ke saƙar shi ne bayan haɗawa. Akwatin ba shi da noti, ba shi da ƙugiya, haƙoran nan kaɗai ke riƙe da shi. Ga shi kuma madannan ZX81 shafaffu ne, sai an danna da ƙarfi. Da na'urar ta motsa, haɗin ya yanke ko da na ƙiftawar ido ne, sai ta sandare, aikin awa uku da ba a ɗauka a kaset ba ya bi ruwa. Masu ita a wancan zamani da danƙon Blu-Tack suke tokare akwatin. Kamfanin Memotech kuwa ya ƙera nasa daidai da ƙirar bayanta.

Don tabbatarwa, a mayar da wuta, a jira harafin K, wanda yanzu zai ɗan yi jinkiri. A buga PRINT PEEK 16388+256*PEEK 16389. In ta nuna 32768, akwatin ya kama. In 17408 ta nuna, har yanzu tsohuwar ma'ajiyar take gani, sai a zare wuta a sake gogewa.