Ginshiƙan Ikka Na Gargaɗi Kan Ɗumamar Teku

A kudu maso yammacin tsibirin Girinlan akwai wani mashigin teku mai suna Ikka. Can ƙarƙashin ruwansa mai tsananin sanyi, ɗaruruwan fararen ginshiƙai ne tsaye cirko-cirko, wasunsu sun kai mita 18. Ba ginin ɗan Adam ba ne. Ruwan marmaro mai sinadari irin na kanwa ne ke ɓulɓulowa daga ƙasa, ya gauraya da ruwan teku, sai a samu wani ma'adini da ake kira ikait. Masanin ma'adinai ɗan ƙasar Denmak, Hans Pauly, shi ya fara bayyana shi a 1963.

Ikait ba ya jure zafi, domin ruwa ne ke riƙe da jikinsa. A ɗakunan bincike na Suwidin da Denmak, masana suna haɗa ruwan teku da ruwan kanwar, su canza masa zafi, su ga abin da zai fito. Sun gano cewa sinadarin maganiziyam na ruwan teku ne ke hana farar ƙasa ta yau da kullum samuwa, har ikait ya sami wuri. Amma da zarar ruwa ya ɗumama, ikait kan saki ruwan da ke jikinsa, ya rikiɗe ya zama wani abu dabam.

Abin da aka gani a kwalba ya riga ya bayyana a teku. A 2019 zafin ruwan Ikka ya haura digiri 6, aka kuma tarar wasu sassan ginshiƙan sun koma wasu ma'adinai masu ƙarancin ruwa. A cikin ginshiƙan kuwa akwai ƙwayoyin halitta masu rayuwa cikin sanyi da kanwa, waɗanda masana ke nazarin amfaninsu a masana'antu. In ginshiƙan suka lalace, mazaunin waɗannan halittu ya tafi.

Kada mai karatu ya ce Girinlan ta yi nisa. Teku ne ke shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da hayaƙin man fetur da kwal ke tarawa a duniya, kuma zafinsa na da hannu a yadda damina ke zuwa mana. Mu rage sare itatuwa da ƙona daji, mu dasa bishiya, mu kuma riƙa tambayar shugabanni me suke yi kan sauyin yanayi.