Hanyoyin Burji na Kudancin Kaduna da Kasuwar Yawon Keke

KAFANCHAN — Ga manomin citta na ƙaramar hukumar Jaba ko ta Kachia, hanyar burji asara ce. Ita ke hana mota shiga ƙauye da damina, ita ce kuma hujjar da dillali ke kafawa idan ya zo karya farashi a bakin gona. Sai dai a cikin shekaru ashirin da suka wuce, irin wannan hanya ta zama haja a wasu ƙasashe, inda mutane ke biyan kuɗin jirgi da na masauki domin kawai su hau keke a kanta.

Wannan salon hawa, wanda ake iya kira tseren keke a kan tsakuwa, ya yi ƙarfi ne daga Amurka. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas domin tseren mil 200 a hanyoyin gonaki, yau kuwa dubbai ke zuwa kowace shekara. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasarta ta farko ta wannan fanni a Italiya. Keken da ake hawa ya yi kama da na tseren kwalta, amma tayarsa ta fi faɗi, kimanin milimita 40, kuma birkinsa na faifai ne, wanda laka ba ta cika hana shi kamawa ba. Abin da mahayan ke nema shi ne hanya marar yawan motoci, da tudu da gangare, da ƙauyen da za a tsaya a ci abinci.

Afirka ta Gabas ta riga ta shiga kasuwar. Tun 2011 ƙasar Ruwanda ta buɗe wata hanya mai tsawon kilomita 227 a gaɓar tafkin Kibu, daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda ake bi a ƙasa ko a keke, ana kwana a ƙauyukan masu noman kofi da shayi. A Kenya kuwa an fara tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara a 2021. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, a duk wuraren biyu ba a zuba kwalta ba kafin baƙi su zo. An tsara hanyar da ke akwai ne, aka sa mata alama, aka tanadi wurin kwana da ɗan jagora.

Idan ana maganar ƙasa da tsarinta, kudancin Kaduna ba ta rasa komai ba. Kafanchan gari ne da ya girma a matsayin mahaɗar layin dogo tun 1927, kuma ko da yake zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ja baya ƙwarai, garin ya ci gaba da zama cibiyar da hanyoyin yankin ke haɗuwa. Daga nan zuwa Kagoro, wadda ke gindin duwatsun da suka ɗauki sunanta, tafiya ce ta ƙasa da sa'a guda a keke. Ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse yana kusa da Madakiya. Ta yamma akwai Kwoi da ƙauyen Nok, inda aka fara tono sassaƙen yumɓun nan a 1928, waɗanda suka sa sunan ƙauyen ya shiga littattafan tarihi na duniya. Manyan hanyoyin da ke haɗa waɗannan garuruwa na kwalta ne, amma tsakaninsu akwai ɗimbin hanyoyin jar ƙasa da ke ratsa gonaki da rafuka, kuma su ne abin sayarwar.

Yawancin waɗannan hanyoyi ba don baƙi aka share su ba. Wasu sun samo asali ne daga aikin hukumar raya karkara ta DFRRI da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986, wasu kuma an gyara su a ƙarƙashin shirin hanyoyin karkara da Bankin Duniya ya tallafa wa jihar Kaduna da shi daga 2008. Matsalarsu guda ce tun da can, watau rashin gyara. Hanyar burji na bukatar a bi ta da gireda, a share mata magudanai, a duba kwalbatoci bayan kowace damina. Idan aka bar ta shekara biyu ko uku a yanki mai yawan ruwan sama kamar wannan, zaizaya kan mai da ita kwazazzabo. Mahayin keke na son hanya mai ɗan wuya, amma ba zai ɗauki kekensa a ka ya ƙetare rafin da gadarsa ta karye ba, kamar dai yadda mai buhun citta ba zai iya ba. A nan bukatar baƙo da ta manomi suka zo ɗaya.

Kazalika lokacinsu ɗaya ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne da santsi. Watannin da hanya ke bushewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne na haƙar citta da tsagawa da shanya, lokacin da kuɗi ke yawo a kasuwannin Kwoi da Kachia da Kafanchan. A tsakiyarsu ne kuma ake bikin Afan na Kagoro, ranar 1 ga Janairu. Cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta nuna wa yankin haɗarin dogaro da amfanin gona guda, domin manoma da yawa sun rasa har irin da za su shuka.

To, ina ribar take? Ba a sayar da keken take ba. Daga waje ake shigo da shi, kuma tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashinsa ya fi ƙarfin yawancin masu albashi. Masana'antar Raleigh da ta taɓa harhaɗa kekuna a Kano ta zama tarihi. Ribar tana cikin ƙananan hidimomi: ɗakin kwana mai tsabta da wurin kulle keke, abinci da ruwan sha a kan hanya, mota mai bin ayari a baya, ɗan jagora da ya san ƙauyuka da harsunansu, sai kuma mai gyara. Mai facin da ke bakin kasuwa ya san keken ɗaukar kaya ciki da bai, amma giya da birkin faifai aiki ne da sai an koya masa, an kuma kawo masa kayan gyaran. Jarin da wannan ke bukata bai kai na buɗe gidan mai ba. Masu saye na farko kuwa ba Turawa ba ne, ƙungiyoyin mahaya keke ne na Abuja da Jos da Kaduna, waɗanda za su iya zuwa ranar Juma'a su koma ranar Lahadi.

Babban cikas shi ne tsaro, kuma ba a yi wa mai zuba jari adalci ba idan aka sakaya masa. Yankin ya sha fama da hare-hare a ƙauyuka da satar mutane don karɓar fansa, har ta kai gwamnatin jihar ta hana hawa babura na wani lokaci a 2021. Ayarin baƙi a kan kekuna masu tsada, a hanyar da waya ba ta kamawa, abu ne mai jawo ido. Labarin ɓacin rana guda ya isa ya rufe kasuwar na shekaru. Saboda haka mai hankali zai fara ne da gajerun zagaye kusa da gari, irin na Kafanchan zuwa Kagoro da Matsirga, da rana tsaka, bayan ya zauna da hakimai da dagatai da jami'an tsaro na wuraren da za a ratsa. Zuwa Nok ta hanyoyin gona sai ya biyo baya, idan an yi rani guda ana fita ana dawowa lafiya.