Binciken Sararin Samaniya da Matsayin Ilimin Taurari na Gargajiya

1.0 Gabatarwa

Tambayar da ake yawan ji a wuraren hada-hadar jama'a, irin su kasuwar Wunti ta birnin Bauchi, ita ce: mene ne amfanin harba tauraron ɗan'adam ga ƙasar da ba ta gama da matsalar ruwan sha ba? Wannan maƙala za ta duba amsar tambayar, sannan ta taɓo kallon hadarin kaji da wasu masana kimiyya ke yi wa ilimin gargajiya.

2.0 Nijeriya da Binciken Samaniya

Wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin a Kano aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawun kumbon John Glenn na Amurka a 1962. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka kuma harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Ɗaya daga cikin cibiyoyin hukumar, mai nazarin siffar ƙasa da motsinta, tana Toro cikin Jihar Bauchi.

Da hotunan irin waɗannan taurari ake gane gusowar hamada, da janyewar Tafkin Cadi, da wuraren da ambaliya ta ci, abubuwan da suka shafi farashin hatsin da ake aunawa a Wunti. Sai dai harkar ba ta rasa asara. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya daina aiki a 2008, ba a maye gurbinsa ba sai a 2011.

3.0 Ilimin Gargajiya a Idon Kimiyya

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya san Gamzaki da Zara da Kaza da 'Ya'yanta. Malamai kuwa suna lissafin manzilai 28, kowace tana da kwana 13, in ban da guda mai kwana 14. Jimilla kwana 365 ke nan, wato shekarar rana, wadda da ita manomi ke kirdadon faɗuwar damina. Haka kuma Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce a kan lissafin hatimi da ilimin taurari.

Kuskuren da ake yi shi ne na yi wa ilimin kuɗin goro, a haɗa shi da duba da camfi a watsar. Alhali kuwa abubuwa biyu ne a cakuɗe. Akwai lura da fitowar tauraro da faɗuwarsa, wadda ana iya gwada ta. Akwai kuma da'awar sanin rabon mutum ta hanyar tauraro, wadda kimiyya ba ta tabbatar ba, malaman addini ma da yawa sun yi tir da ita. Wanda ya ƙi na farko saboda na biyu bai yi wa kimiyyar kanta adalci ba, tunda ya yanke hukunci kafin gwaji.

Misalin yoga ta Indiya zai haskaka wannan batu. An daɗe ana ɗaukar ta al'adar masu zuhudu kawai, amma a 1984 Rakesh Sharma ya yi atisayenta cikin tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyat, don a ga ko za ta rage wa jiki wahalar rashin nauyi. Gwajin mutum ɗaya bai isa hujja ba, amma dai an gwada.

Gwaji kuma yana iya gyara gargajiyar. Kimiyya ta nuna cewa lokacin fitowar taurari yana gusawa daga yanayin shekara da kimanin kwana ɗaya cikin kowace shekara 71. Ke nan jadawalin manzilai da aka tsara a zamanin al-Katsinawi ya goce da kusan kwana 4 a yau, ga shi kuma damina kanta ta sauya hali. Aikin da ke jiran masana a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne tattara lissafin dattawan manoman Bauchi, a gwama shi da bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa.