Shin Ko Kun San? Ranakun da Siyasa Ta Ɗaura Takalmin Ƙwallo

Shin ko kun san Mena, tawagar Nijar, ta taɓa karɓar baƙuncin Maroko a cikin ƙasar Maroko? Ba kuskuren bugu ba ne. Ranar 21 ga Maris 2025, wasan neman gurbin Kofin Duniya. A takarda Nijar ce mai gida. Fili kuwa a Oujda yake, garin Maroko, maƙil da ƴan Maroko, domin hukumar CAF ba ta amince da filin Janar Seyni Kountché na Yamai ba. Mu muka fara zura ƙwallo, suka farke, suka ƙara ta biyu ana shirin hura tashi. To wa ke horar da Mena a ranar? Badou Zaki, tsohon golan Maroko, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1986!

Oujda ɗin nan ƴan kilomitoci ne tsakaninta da iyakar Aljeriya. Iyakar a rufe take tun 1994. Ku ƙirga. Yaron da aka haifa shekarar da aka datse ta, yau shi ke kai nasa yaran makaranta.

Mu nan Tchirozérine ba a rediyo muka san Aljeriya ba. Taliya, madarar gari da dabinon da ke kan teburan kasuwa, da yawansu ta Assamaka da Arlit suka gangaro. Shi ya sa in Aljeriya da Maroko suka tashi rigimarsu, fada sai ta rabu biyu. Shayi na tafasa a kan gawayi, telbijin na ci da wutar SONICHAR, wannan na cewa Mahrez, wancan na cewa Hakimi, mai zuba shayi ya manta har kumfa ta zube. Kuma rigimar tana da abin kallo, ku ji.

Janairu 2023, gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida, a Aljeriya. Maroko ce ke riƙe da kofin, sau biyu a jere, 2018 da 2020. Ba ta zo ba! Ta ce sai jirginta na Royal Air Maroc ya tashi daga Rabat ya sauka Constantine kai tsaye. Aljeriya kuwa ta rufe wa jiragen Maroko samaniyarta tun Satumba 2021. Ƴan wasa suka yi zaman jira a filin jirgi, izini bai zo ba, suka koma gida. Daren buɗe gasar, a sabon filin da aka sa wa sunan Nelson Mandela, sai jikan Mandela ya karɓi lasifika ya yi kira a ƴantar da Yammacin Sahara. Ba a ko taɓa ƙwallo ba tukuna.

A gasar nan ne fa Mena ta Harouna Doula ta doke Kamaru 1-0, ta sallami Ghana 2-0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Can Aljeriya ta zuba mana 5 a Oran. Wannan a bar shi.

Ko kun san riga kaɗai ta taɓa hana wasa biyu? Afrilu 2024, kulob ɗin RS Berkane na Maroko ya sauka birnin Aljas don karawa da USM Alger. A ƙirjin rigunansu akwai taswirar Maroko haɗe da Yammacin Sahara. Ƴan kwastan suka riƙe rigunan tun a filin jirgi. Berkane ta ce ba riga ba wasa. A wasan ramuwa kuma USM Alger ta ƙi shiga fili. CAF ta ba Berkane 3-0 nan, 3-0 can: ƙwallo 6 ba tare da ƙafa ta taɓa tamaula ba! Sai a Fabrairu 2025 kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta ce rigunan sun saɓa doka. A lokacin tuni an ɗaga kofin an ajiye. Taswirar da tafin hannu zai rufe!

Aljeriya dai ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tawagarta ta girmi ƙasar kanta. Afrilu 1958, ana tsakiyar yaƙin neman ƴanci, wata biyu kafin Kofin Duniya a Suwidin, sai aka wayi gari ƴan wasan Aljeriya da ke manyan kulob-kulob na Faransa sun yi ɓatan dabo. Cikinsu har da Rachid Mekhloufi na Saint-Étienne da Mustapha Zitouni na Monaco, waɗanda Faransa ke shirin tafiya da su gasar. Sun bar albashi, sun bar gidaje, sun ɓulla a Tunis suka kafa tawagar FLN, ƙungiyar masu yaƙin neman ƴancin. FIFA ta ƙi amincewa da ita. Duk da haka suka buga wasanni fiye da 80 a ƙasashen Larabawa, gabashin Turai, har Sin da Biyetnam, tutar ƙasar da ba ta cikin taswira tana kaɗawa. Ku tsaya, da saura. Bayan ƴanci a 1962 Mekhloufi ya koma Saint-Étienne. A 1968 shi ya ci ƙwallo biyun da suka ba kulob ɗin Kofin Faransa, shi ne kuma kyaftin.  

An jira har 6 ga Oktoba 2001 kafin manyan tawagogin Faransa da Aljeriya su haɗu, a Stade de France. Aka yi wa taken Faransa ihu a babban filin Faransa, firaminista Lionel Jospin na zaune. Minti na 76, Faransa na gaba 4-1, matasa suka kwararo cikin fili, wasa ya watse. An ce wasan sada zumunta ne.

Masar fa? Nuwamba 2009 aka jefi motar ƴan wasan Aljeriya da duwatsu a Alƙahira, wasu suka shiga fili da bandeji a kai. Masar ta ci 2-0, maki da ƙwallaye suka zo daidai, sai aka kai wasan raba gardama Omdurman ta Sudan ranar 18 ga wata. Antar Yahia ya ɗirka guda ɗaya tak, Aljeriya ta tafi Kofin Duniya. Masar ta janye jakadanta.

Wannan Masar ɗin, mai kofin Afirka uku a jere, 2006, 2008 da 2010, ita ce ta sauka Yamai ranar 10 ga Oktoba 2010. Moussa Maazou ya ci, aka tashi 1-0. Amma abin dariyar sai bayan shekara. Ranar 8 ga Oktoba 2011, wasannin ƙarshe na rukuni: Masar ta rama, ta ba Mena 3-0 a Alƙahira. Labari ya isa Nelspruit, inda Afirka ta Kudu ke canjaras 0-0 da Saliyo. Kocinsu Pitso Mosimane ya yi lissafin yawan ƙwallaye, ya ga sun haye. Suka shiga ɓata lokaci. Aka hura tashi, suka kewaye fili suna rawa, gidan telbijin ɗinsu na taya ƙasa murna. Ashe ba su karanta dokar gasar ba! Ƙasashe uku kowacce da maki 9, sai a duba abin da suka yi tsakaninsu: Nijar 6, Afirka ta Kudu 5, Saliyo 5. Waɗanda aka zura wa uku su ne suka tafi gasar 2012, karon farko a tarihin Nijar. Wasa uku a gida duk nasara, wasa uku a waje duk kashi, ga tikiti a hannu. Masu rawa suka kalli gasar a telbijin. In kuna da aboki ɗan Bafana Bafana, kada ku bar shi ya manta.

Afirka ta Kudu ta saba da rasa gasa ta hanyar da ba ta ƙwallo ba. Gasar Afirka ta farko, 1957 a Khartoum, ƙasashe huɗu ne kacal: Masar, Sudan, Habasha da ita. Ta ce ko tawagar farare zalla, ko ta baƙaƙe zalla, ba za ta gauraya ba. Aka sallame ta. Habasha ta tsinci kanta a wasan ƙarshe ba tare da ta yi gumi ba. Gasar gaba ɗaya wasa 2 ne. Masar ta ci 4-0, kuma mutum ɗaya, Ad-Diba, ya ci duka huɗun.

A 1996 sai reshe ya juye da mujiya. Afirka ta Kudu ce mai masaukin baƙi, Najeriya ce mai kofi. Mandela ya caccaki Janar Sani Abacha kan rataye Ken Saro-Wiwa da ƴan'uwansa takwas a Nuwamba 1995, Abacha ya ce Super Eagles ba inda za su. CAF ta ƙara musu da haramcin gasar 1998. A ganina ba a taɓa yi wa masoyan ƙwallon Afirka asara irin wannan ba, domin a 1996 ɗin ne dai su Nwankwo Kanu suka doke Brazil da Ajantina suka ɗauko zinaren Olympics a Atlanta.

Ko kun lura babban filin Yamai da babban filin Kano duk sunayen shugabannin soja suke ɗauke da su? Kountché nan, Abacha can. A filayen nan biyu ne Mena ta fitar da Najeriya daga neman gurbin CHAN a 2010: 2-0 a Yamai, 0-0 a Kano. Ɗan Maraɗi ya samu abin tsokanar ɗan Katsina. Najeriya ta rama a 2016 a Kigali, 4-1.

Libiya, ɗaya maƙwabciyar tamu ta arewa, ita filin jirgi ta mayar filin wasa. Oktoba 2024, jirgin Super Eagles na dab da sauka Bengazi aka karkatar da shi Al Abraq. Suka kwana kan kujeru, sama da awa 15, ba abinci, ba mai tarba. Ƴan Libiya sun ce su ma haka suka sha wuya a Najeriya kwanaki kaɗan kafin nan. CAF ta ba Najeriya 3-0, ta ci tarar Libiya dala 50,000.

Eritiriya kuwa janyewa ta yi daga rukunin Mena na neman Kofin Duniya na 2026 tun ba a fara ba. Ƙasar da ƴan wasanta 12 suka ƙi komawa gida daga Kenya a 2009, wasu 10 suka nemi mafaka a Botswana a 2015!

Shin kun san Afirka gaba ɗaya ta taɓa ƙaurace wa Kofin Duniya? A 1966 FIFA ta ware gurbi 1 tak ga Afirka, Asiya da yankin Ostareliya a haɗe. Ghana ta Kwame Nkrumah ta ja gaba, ƙasashe 15 suka janye. Koriya ta Arewa ta ɗauki gurbin, ta je Ingila ta fitar da Italiya. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da guda 9? Eusébio, haifaffen Mozambik, cikin rigar Fotugal. Zuwa 1970 Afirka ta samu gurbinta na kanta.

Can ƙetaren teku har bindiga an ɗauka. El Salvador da Honduras suka yi wasa uku masu zafi a Yuni 1969. Ranar 14 ga Yuli yaƙi ya ɓarke. Awa 100 kawai, dubban rayuka. Asalin rikicin gonaki ne da baƙin haure, amma sunan ƙwallo ya bi shi har yau.

Iran da Amurka kuwa, a Lyon a 1998, furanni farare ƴan Iran suka miƙa wa abokan karawarsu, aka ɗauki hoto kafaɗa da kafaɗa, sannan suka doke su 2-1. A 2018 Xhaka da Shaqiri na Suwizalan suka ci Sabiya, suka harɗe hannuwa alamar gaggafar Albaniya. Kowanne ya biya tarar faran 10,000 na Suwizalan. Daƙiƙa nawa hannun ya yi a sama?

Ga wadda za ku kai fada yau da dare. Ranar 21 ga Nuwamba 1973, Santiago. Tarayyar Sobiyet ta ƙi zuwa wasanta da Chile, ta ce ba za ta taka filin da sojojin Pinochet suka tsare dubban fursunoni ba. FIFA ta ce wasa na nan. Ƴan Chile 11 suka fito, babu kowa a ɗaya ɓangaren. Alƙali ya hura. Suka yi ta miƙa wa juna har bakin raga, kyaftin Francisco Valdés ya tura ta ciki, aka rubuta 1-0. Don kada ƴan kallo su yi asarar kuɗin tikiti, sai aka fito da kulob ɗin Santos na Brazil a nan take. Santos ta zuba musu 5-0.